Makullin maratayin jitar lantarki: Wanne ya kamata makaɗi ya zaɓa?

Jitar lantarki ba ta da araha, kuma kusan duk wadda ake kaɗawa a Najeriya da Nijar daga waje aka shigo da ita. Duk ranar da canjin dala ya motsa, farashinta ma sai ya motsa. Amma abin da ke riƙe da wannan kadara a kafaɗar makaɗi bai wuce wata 'yar tsaga a bakin maratayi ba, wadda ake zura wa wani ɗan maɓallin ƙarfe da ke jikin jitar.

Idan tsagar nan ta saki, jitar na faɗowa daga tsayin kusan mita ɗaya, yawanci kan siminti ko tayil. Ga wanda kiɗa ne abincinsa, faɗuwa ɗaya na iya zama hutun dole na makonni, domin masu gyaran jita na ainihi ba su da yawa a garuruwanmu.

Jita ta daɗe da samun gurbi a wannan yanki. A Agadas, da wuya a yi babban biki ba a ji ƙararta ba, kuma daga bukukuwan aure ne ƙungiyar Etran de l'Aïr ta taso. Bombino, ɗan Agadas, shi ne ɗan Nijar na farko da aka sa cikin jerin masu neman kyautar Grammy, da kundinsa Deran na 2018. Mdou Moctar, wanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, yau yana zagaya duniya da Fender Stratocaster ta bahago. A Najeriya kuwa, majami'u a Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, da ƙungiyoyin kiɗan otal da ɗakunan naɗar waƙa, duk suna da makaɗan jita. Mafi yawansu a tsaye suke kiɗa, suna motsi, kuma a nan ne maganar makullin maratayi ta shigo.

Yadda jita ke kuɓucewa

Kowace jitar lantarki na da maɓalli biyu, ɗaya a gindi, ɗaya a sama kusa da wuya. Lokacin da maratayi yake sabo, fatar bakinsa na da tauri, har sai an yi kokawa kafin maɓallin ya shiga. A hankali, da gumi da yawan cirewa da sakawa, fatar ta yi laushi, tsagar ta buɗe.

Yawanci ba a tsakiyar rawa jita ke faɗuwa ba. Takan kuɓuce ne sa'ad da mutum ya sunkuya ya gyara waya, ko ya miƙe daga kujera maratayin ya murɗe bai lura ba, ko ya saki hannu biyu ya yi tafi.

Nauyin jitar da ƙirarta ma suna da tasiri. Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a 1954, takan yi wajen kilo uku da rabi, kuma sukuru huɗu ne ke riƙe da wuyanta, don haka ko ya lalace ana iya kwance shi a sa wani. Gibson Les Paul, wadda ta fito a 1952, takan haura kilo huɗu, wuyanta kuma da gam aka manne shi. Kanta a karkace yake baya da kusan digiri 17, daidai inda katakon ya fi siranta, ga kuma tsirkiyu shida da ke jansa da ƙarfin da ya haura kilo 40. Shi ya sa karyewar kai ta zama sananniyar cutar wannan jita da duk masu irin ƙirarta. Ƙari a kan haka, maɓallanta na asali ƙanana ne, kuma na saman a karkace yake, yadda maratayi ke saurin zamewa.

Roba: maganin da ya fi sauƙi

Hanya mafi araha ita ce wata 'yar roba mai rami a tsakiya. Bayan an sa maratayi, sai a miƙe robar a zura ta kan maɓallin, ta zauna a bayan fatar ta hana ta fita.

Makaɗan Turai da Amurka ne suka faro dabarar da jar robar da ke bakin murfin kwalbar giyar Grolsch ta ƙasar Holan. Da abin ya karɓu, kamfanoni suka fara ƙera tasu. Fender na sayar da ita da sunan Strap Blocks, guda huɗu a ƙunshi. Wanda bai samu ba, washar roba ta masu aikin famfo na iya wannan aiki, haka nan mai faci zai iya yanko masa daga tsohon tiyub ɗin mota mai kauri.

Amfaninta a fili yake. Ba a kwance komai, ba a huda komai, ba ta ƙara, kuma jitar na nan yadda aka saye ta, abin da ke da muhimmanci ga mai niyyar sayar da ita wata rana ko wanda aron jitar majami'a ko ta ƙungiya yake yi.

Illarta ita ce wahalar cirewa. Mai amfani da roba yakan bar maratayin a jikin jitar ne dindindin. Sannan zafi na busar da roba, ta tsattsage, don haka dole a riƙa dubawa ana canzawa. Idan kuma aka fizge ta da ƙarfi sosai, tana iya fita.

Schaller: ƙirar kofato

A cikin makullan ƙarfe, na kamfanin Schaller na Jamus ya daɗe a bakin makaɗa. A 1981 ya fitar da Security Locks, sannan a 2018 ya sabunta shi da sunan S-Locks.

Kashi biyu gare shi. Akwai maɓalli na musamman da ke maye gurbin na jitar, da kuma wani ƙarfe mai siffar takalmin kofaton doki da ake ɗaurewa a bakin maratayi da noti. Idan aka zura maɓallin cikin kofaton, wani tsinke mai sifirin zai faɗa cikin ramin da ke kan maɓallin ya kulle. Wajen cirewa, sai an ja ɗan ƙulluton da ke waje sannan a zame shi.

Babban abin da ke jan mutane gare shi shi ne nauyin jitar ba a kan tsinken yake ba. Maɓallin na zaune ne a cikin kofaton kamar ƙwai a cokali, don haka ko sifirin ya mutu, jitar ba za ta faɗi nan take ba. Sai dai wannan kariya na aiki ne kawai idan bakin kofaton na kallon sama, wato wajen tsawon maratayin. Idan notin ya saki, kofaton ya juya ya kalli ƙasa, kariyar ta tafi.

Sakin noti da 'yar ƙarar kacau-kacau su ne ƙorafin da aka daɗe ana yi kan tsohon samfurin. A S-Locks kamfanin ya maye gurbin notin da wani faifai mai ƙaramin sukuru a gefe da ke hana shi warwarewa, ya kuma tsawaita zaren yadda zai ɗauki fata mai kaurin milimita shida. Amma ya haɗe maɓallin da sukurunsa suka zama abu ɗaya, wanda da alanki ake ɗaure shi. Ma'ana, ba ka da damar amfani da sukurun jitarka na asali, ko da shi ya fi dacewa da ramin.

Akwai wani abin lura. Leɓen maɓallin Schaller ƙarami ne. Ranar da ka manta maratayinka a gida ka ari na wani marar makulli, jitar ta fi kasancewa cikin haɗari fiye da da.

Dunlop: ƙirar boris

Kamfanin Dunlop na jihar Kalifoniya a Amurka, wanda Jim Dunlop ya kafa a 1965, ya bi wata hanya dabam da makullinsa mai suna Straplok. A nan maɓallin jitar ne ke da rami, shi kuma ƙarfen da ke jikin maratayi yana da ɗan sanda da ke shiga ramin. A bakin sandan akwai ƙananan ƙwallayen boris da ke bullowa su maƙale a wata tsaga da ke ciki. Idan ka danna madannin da ke waje, ƙwallayen su koma, sandan ya fito.

Da hannu ɗaya ake sa shi a cire shi, kuma yana juyawa ko'ina, don haka maratayi ba ya murɗewa. Kamfanin ya ce ya gwada shi da nauyin fam 800, wato sama da kilo 360. Samfurin da ake kira Dual Design na da faffaɗan leɓe, yadda ko maratayi marar makulli zai zauna a kai lafiya. Akwai kuma samfurin da ake binne maɓallinsa cikin katakon jita ya yi daidai da jikinta, sai dai wannan sai an faɗaɗa rami da injin huda, kuma ba a komawa baya.

Rauninsa shi ne duk nauyin jitar a kan ƙwallayen nan yake. Idan sandan bai shiga har ƙarshe ba, zai yi kamar ya kama, sai an saki jitar ya zame. Don haka ƙa'ida ce a ji ƙarar "ƙas", sannan a ja shi a tabbatar. Ƙura da tsatsa na iya sa ƙwallayen su cije, abin da ya shafe mu kai tsaye a ƙasar da hunturu ke cika komai da ƙura. Ɗigon man keken ɗinki lokaci-lokaci da goge ramin da tsumma na maganin wannan.

Sannan yana ɗan turo maratayi nesa da jikin jitar. A jitoci irin su Gibson SG, waɗanda maɓallinsu na sama ke bayan wuya, wannan na iya sa jitar ta riƙa rinjaya gaba, ƙarfen kuma ya riƙa tokarar cikin makaɗi.

Maɓallin Schaller ba ya karɓar makullin Dunlop, na Dunlop ma ba ya karɓar na Schaller. Mai jita biyu ko uku da ke son amfani da maratayi ɗaya, gara ya tsaya kan kamfani ɗaya. Wasu jitocin Fender masu tsada sukan zo da maɓallan da suka dace da Schaller tun daga masana'anta, don haka a duba kafin a sayi wani.

Sauran zaɓuɓɓuka

Loxx, shi ma ɗan Jamus, ya samo asali ne daga maɓallan da ake ɗaure rufin tamfol na motoci da jiragen ruwa. Ƙarami ne, ba ya turowa waje sosai. Sai dai da zarar ka sa maɓallinsa, maratayi marar makulli ba zai zauna a kai ba. Ernie Ball na da Super Locks, wanda sai an matse gefe biyu a lokaci guda yake buɗewa, abin da ke rage yiwuwar buɗewa bisa kuskure.

Akwai kuma maratayan da makullinsu a jikinsu yake. Auto Lock na kamfanin D'Addario, wanda aka ƙera tare da maƙerin jita Ned Steinberger, na da baki mai sifirin da ke kama maɓallin jita na yau da kullum ba tare da an canza komai ba, ko da yake ba kowane maɓalli yake hawa ba. ClipLock na DiMarzio kuwa, maɓallan ake cirewa gaba ɗaya a ɗaure wasu gajerun igiyoyi biyu da sukuru a madadinsu, sai maratayin ya maƙale musu da irin maɓallin roba na jakar goyo. Yana da ƙarfi, amma igiyoyin na nan suna reto a jikin jitar kullum, kuma ba za ka iya amfani da maratayin da baduku ya ɗinka maka ba.

Inda ɓarakar take

Duk wanda ya daɗe da jita ya san cewa makullin kansa ba kasafai yake karyewa ba. Wurare biyu ne ke ba da matsala: sukurun da ke cikin katako, da notin da ke riƙe da fata.

Sukurun da ke zuwa da makulli sau da yawa bai kai kaurin na jitar ba, musamman a gindin jitocin Gibson, inda ake sa mai kauri. Idan aka murɗa siriri a cikin faffaɗan rami, zai yi kamar ya kama, amma zarensa bai ciji katako ba. Wata rana sai makullin ya fito da maɓalli da sukuru gaba ɗaya, yana kulle yadda aka bar shi, jitar kuwa tana ƙasa.

Yanayinmu na ƙara wa abin tsanani. Katako na shan laima da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke, kuma wannan kai-komo na sassauta sukuru a hankali. Jitar da aka sayo daga Legas mai laima aka kawo Kano ko Zinder za ta bushe sosai a watannin farko. Da shigowar hunturu, ya kamata a bi duk sukurun jita da sukurudireba.

Yadda ake ɗaura shi

Da farko ka kwance tsohon maɓalli, ka jera sukurunsa da sabon ka gwada tsayi da kauri. Idan na asalin ya shiga sabon maɓallin, kansa kuma ya nutse bai tokare makullin ba, yi amfani da shi, domin shi ya saba da ramin. A Dunlop wannan na da muhimmanci ƙwarai: idan kan sukurun ya yi tudu a cikin ramin, sandan ba zai kai inda zai kulle ba.

Idan dole sai sabon, kuma ramin ya yi masa yawa, ka shafa wa tsinken sakace biyu ko uku farin gam na kafinta, ka cusa su, ka karye abin da ya yi saura, sannan ka murɗa sukurun. A bar shi ya kwana kafin a rataya jitar. A guji gam mai kamawa nan take, domin ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata fenti.

Idan kuma sabon ya fi tsayi ko kauri, kada a tilasta shi. A fara zurfafa ramin da siririn bakin injin huda, in ba haka ba sukurun na iya karyewa a ciki ko fentin ya tsage. Da hannu ake ɗaurewa, kuma kada a manta da 'yar washar ƙyalle da ke shiga tsakanin maɓalli da fenti.

A ɓangaren maratayi, ramin fatar yakan yi wa makulli kaɗan. Maimakon a tura shi da ƙarfi fatar ta tattare a ƙarƙashin washa, a kai wa baduku ya faɗaɗa ramin da mahudinsa. Wanda zai ba dukawa ɗinkin sabon maratayi, ya tafi musu da makullin su auna, domin fata mai ninki biyu na iya fin tsawon zaren. A ɗaure notin da sifana sosai, sannan a ɗiga masa ɗan jan farce a kan zaren don kada ya warware. Dunlop ba noti gare shi ba, wani ɗan zobe ne mai baki ke riƙe shi, sai a tabbatar ya zauna cikin tsagarsa.

Gwajin farko a kan katifa ake yi. Ka rataya jitar, ka girgiza ta, ka sunkuya, ka miƙe, hannunka na kusa da wuyanta.

Daga nan sai kiyayewa. A cire maratayi mai makullin ƙarfe kafin a sa jita a jaka, domin ƙarfen na ƙarzar fenti. A kuma riƙa zagayo da wayar amfilifaya ta tsakanin maratayi da gindin jita kafin a soka ta, yadda ko an taka wayar ba za ta fizge ba.

Hattara da jabu

A shagunan intanet da manyan kasuwannin kayan kiɗa irin su Alaba a Legas, ana samun na ainihi, ana kuma samun kwaikwayo masu kama da su sak a ido. Bambancin na cikin ƙarfen. Na jabu sukurunsa kan yi laushi, kansa ya cinye tun wajen ɗaurawa, sifirin ɗinsa kuma ba ya da ƙarfi.

Kafin ka biya, ka haɗa kashi biyun a hannunka, ka kulle ka buɗe sau da yawa. Idan yana cijewa, ko yana girgiɗi da yawa bayan ya kulle, ko tsinken ba ya komawa da kansa, ajiye shi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan harka roba mai kyau ta fi makullin ƙarfe na jabu aminci, domin mai roba ya san iyakar abin da ya saya, shi kuwa mai jabu ya saki jiki.

To, wanne za a saya?

Amsar na bin yadda kake amfani da jitarka. Idan guda ɗaya gare ka, maratayinta ɗaya, ba ka cire shi, roba ta wadatar, kuma ita ce ta dace da jitar aro ko wadda ba ka so a taɓa mata komai.

Idan jitarka mai nauyi ce irin Les Paul, kana kuma yawan motsi a dandamali, Schaller ya fi kwantar da hankali saboda kofaton da ke tallafe da maɓalli, da sharaɗin za ka riƙa duba notin.

Idan kana sauya jita a tsakiyar wasa, ko kuna musayar kayan kiɗa da abokan aiki, Dunlop Dual Design ya fi sauri, kuma yana karɓar kowane maratayi. Sai dai ka riƙe shi da tsabta da ɗan mai.

Idan kuwa kana son saurin cirewa amma ba ka son kwance ko sukuru ɗaya, nemi maratayi mai makulli a jikinsa, ka tafi da jitarka shagon ka gwada shi a kan maɓallinta.

Ko wanne ka ɗauka, kafin kowane wasa ka kama maɓallan biyu da yatsu ka murɗa. Idan ɗaya ya motsa, a ɗaure shi kafin a hau dandamali.